Na iya ado, amma ginina ba ya tsayuwa: ina neman shawarar masu zanen fasali

Ɗan Birnin Zazzau:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen zane-zane na wata jami'a a nan Arewa, kuma shekara biyu ke nan ina koyon zanen fasali da kaina ta intanet, da daddare idan an kawo wuta. Ga wanda bai san harkar ba, shi ne zanen da ake fara yi kafin a gina abu a fim, ko a wasan kwamfuta, ko a katun. Kafin a ɗinka wa jarumi kaya ko a kafa masa gari, sai wani ya zauna ya fitar da kamanninsu a takarda. Da wannan sana'ar nake fatan cin abinci in Allah ya yarda.

A sashenmu an ce kowa ya rubuto abin da ya iya da inda yake da rauni kafin ƙarshen zango. Kwana biyu ina kallon takardar. Na ga gara in kawo maganar nan, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Abin da na san na iya shi ne ado. Mahaifina mai ɗinkin hannu ne, babbar riga yake yi, kuma tun ina ɗan shekara tara nake zama gefensa a zaure. Aska takwas, aska biyu, tambari, dagi, duk a kaina suke, ba sai na duba ba. Hannuna ba ya rawa. Ina iya yin awa biyar a kan wuyan riga ɗaya ban tashi ba. Launi ma ba ya ba ni wuya, na san jan da ke zama kusa da shuɗin baba ba tare da sun yi faɗa ba.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. A hutun da ya wuce na zana ƙofar wani gari na ƙirƙira, irin garuruwanmu na da, da 'yan lifidi suna fitowa. Kwana 22 na yi a kanta. Kowane zanko na yi masa zane, ƙyauren na jera masa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, lifidin dawakan har layin ɗinkinsa ana gani. Na sa a Facebook, aka yi ta yabo. Sai na tura wa wani abokina da ke aiki da Blender, manhajar gina surori a kwamfuta, na ce ya gina mini ita yadda za a iya zagaya ta. Rana ta uku ya kira ni. Ya ce kaurin bangon nawa ne? Wanda ke cikin gari me yake gani? Zankon hagun nan a gaba yake ko a baya? Ban da amsa ko ɗaya, domin ban taɓa tunanin ƙofar tana da baya ba. Da ya gina ta yadda ya fahimta, ya sa doki da mahayi don gwaji, sai kan mahayin ya daki saman ƙofar. Ya kuma nuna mini cewa bangon dama an zana shi kamar mai kallo yana tsaye a ƙasa, na hagu kuma kamar yana kan soro. Wallahi kwana 22 ina kallon zanen nan ban gani ba.

Rauni na biyu, mutane. A gidanmu ba a zanen mai rai, haka na tashi, sai da na shiga jami'a na fara. Har yanzu idan na zo kan hannu ko fuska sai in naɗa wa mutumin rawani, in rufe shi da alkyabba.

Na uku, duk tunanin da ya fara zo mini shi nake riƙewa, ba na gwada na biyu.

To, in ajiye adon nan ne in koma baya in fara daga tushe? Mutum zai iya samun aiki a harkar nan bai ƙware a zanen mutane ba? Kuma ta yaya ɗalibi zai bambance abin da ya iya da gaske da abin da abokai ke yaba masa kawai?

Yayar Masu Katun:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara shida nake aiki a wani ƙaramin kamfanin katun da tallace-tallace, kuma ni ake turo wa ayyukan masu neman koyon aiki in duba. Zan gaya maka abin da zan gaya wa wanda ya zauna a gabana.

Ka raba takardarka gida biyu, abin da ka iya da abin da ba ka iya ba. Ni kuwa abu ɗaya na gani. Adon naka shi ne mayafin da kake lulluɓe raunin da shi. Duk inda ginin ya gagare ka sai hannunka ya gudu wurin da ya saba, ka hau jera ƙusoshi. Alkyabbar da kake sa wa mutane da zanen da kake yi wa zanko duk aiki ɗaya suke yi maka. Shi ya sa ba ka ga karkatar bangon ba: idonka yana kan abin da bai wuce faɗin farce ba, ba ka ja da baya ka kalli ƙofar gaba ɗayanta ba.

Zanen fasali ba na ratayewa a falo ba ne. Wani ne zai karɓa ya yi aiki da shi, mai gina shi a kwamfuta, ko tela, ko kafinta. Tambayoyi ukun da abokinka ya yi maka su ne aikin. Ka rubuta su ka manna a bango.

Bari in ba ka misali. A 1975 mai shirya fim George Lucas ya ɗauki mai zane Ralph McQuarrie ya zana masa duniyar Star Wars, tun babu fim ɗin, sai labari a takarda. Kafin nan McQuarrie ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing yana zanen sassan injina, wato hannunsa ya saba da abin da za a ƙera. Baƙar hular nan mai abin numfashi ta Darth Vader, mugun fim ɗin, wadda duniya ta sani, daga tambaya ta fito: labarin ya ce mutumin zai tsallaka daga wani jirgi zuwa wani a sararin samaniya, to da me zai yi numfashi? Amsar ita ta haifi kamannin. Kai ma da ka tambayi kanka wa zai bi ta ƙofar nan, da tsayinta ya zo maka da kansa. Doki kusan mita ɗaya da rabi ne a kafaɗa, mahayi ya ƙara kusan mita guda, ga kwalkwali da gashin jimina a sama, ga mashi a hannu.

Ga abin da nake sa yaranmu, kuma shi nake so ka yi na wata ɗaya. Ka ɗauki takarda ɗaya ka ja akwatuna 20, kowanne bai wuce akwatin ashana ba. A kowanne ka zana ƙofar gari daban, minti uku kacal, da launi uku: fari, toka-toka, baƙi. Wata doguwa siririya, wata gajera mai kauri, wata mai baki biyu, wata an gina ta jikin dutse. A akwatin ashana babu wurin dagi, dole surar ta yi magana da kanta. Biyar na farko za su zo da sauƙi, su ne waɗanda kowa zai zana. Daga ta goma sha biyu kai zai fara ciwo, a nan abin kirki ke fitowa. Ka zaɓi uku ka ƙara musu girma, ka zaɓi ɗaya ka zana gabanta da gefenta da bayanta da yadda take idan an leƙo daga sama, da mutum a tsaye kusa da ita don a san girmanta. Idan a kwamfuta kake, Krita ko wani, kada ka zuƙo hoton kusa. Ka bar shi yadda za ka ga dukkansa.

In an turo mini kundin ayyuka, shafin gwaje-gwajen nan nake fara nema. Hoto ɗaya mai ƙyalli yana nuna mini mutum yana da haƙuri. Shafi mai ƙofofi 20 yana nuna mini zan iya ce masa darakta bai so wannan ba, ya kawo wata kafin la'asar, kuma ya kawo.

Maganar mutane: eh, ana samun aiki. A manyan kamfanoni masu zanen wurare daban suke, masu zanen kayan aiki da makamai da ababen hawa daban, masu zanen jarumai daban. Amma a ƙananan wurare irin namu mutum ɗaya kan yi duka, kada in ɓoye maka. Batun hukuncin zanen mai rai kuma ba ni da hurumin fatawa, ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka kuma saurari mahaifinka. Abin da zan ce kawai, in ka zaɓi wurare da gine-gine, ka zaɓe su don su kake so, ba don hannu ya ba ka tsoro ba.

Jikan Magini:

Ɗan'uwa, na yarda da Yaya a kusan komai, sai dai ni ba zan ce ka tsaya a kan takarda ba. Fasahar gine-gine na karanta, kakana kuma maginin ƙasa ne, na ɗauko masa tubali ina yaro. Ban ga zanen ƙofarka ba, amma ina kyautata zaton bangon ya miƙe sambal kamar na bulo. In haka ne, matsalar ta wuce ta ma'aunin nisa da kusa. Ba ka san abin da ke riƙe da ginin ba.

Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya a rana, a jera shi tsinin yana kallon sama, a bi da ƙasa a cike tsakani. Ƙasa ba ta da ƙarfin siminti, don haka bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan ɗan jinginar ita ke sa ido ya gane ginin ƙasa tun daga nesa. Azara kuma, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kusan mita biyu. Wannan iyakar ita ta tilasta wa magina dabara: su riƙa turo azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har a sami bakan gizo. Ka ga siffar da muke sha'awa daga ƙarancin itace ta fito. Indararo ma ba kwalliya ba ne, in bai turo ruwa nesa da bango ba damina ɗaya ta isa ta cinye gindin. Makuba da ake shafawa, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, kariya ce daga ruwa kafin ta zama kyau.

Kana Zariya, abin yana bakin ƙofarku. Tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 yana nan, kuma masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa musamman don su ga bakunan da ke cikinsa. Ka nemi izini ka shiga ka ɗaga kai. In ka je Kano ka shiga Gidan Makama. Ko zauren gidanku ma ya isa a fara: ka auna faɗin ƙofa da taku, ka auna kaurin bango da kamu, ka rubuta a gefen zanen. Gani ya kori ji.

Game da bangon dama da na hagu da suka saɓa, maganinsa layi ɗaya ne. Kafin ka zana komai ka ja layi a kwance, ka ce nan idon mai kallo yake. Duk abin da ke sama da layin, ƙasansa kake gani, duk abin da ke ƙasa da layin, samansa kake gani. Ka tsaya a layin kasuwa inda ƙasa take a shimfiɗe ka lura: kawunan mutanen da suka kai tsayinka, na kusa da na nesa, duk a layi ɗaya suke, ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa. Ranar da na gane wannan a Kasuwar Kurmi na daɗe a tsaye ina kallo. Hazon hunturu ma malami ne. Ka kalli Dutsen Kufena da safe a watan Janairu, ka ga yadda duhunsa ke wankewa ya kusa zama launin sama, bishiyar da ke gabanka kuwa baƙa ƙirin. Da wannan kaɗai za ka raba gaba da tsakiya da baya a zanenka.

Inda na ɗan bambanta da Yaya: kada ka ɗauki ado a matsayin abokin gaba ko na wata ɗaya. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kakana yakan yi zanen fuskar gida tun yaɓen yana ɗanye, kuma ya san inda zai sa shi tun yana aza harsashi: kewayen ƙofar zaure, inda baƙo zai fara kallo. Sauran bangon a bar shi fili. Ka tambayi Baba ma, kafin allura ta taɓa riga ai sai an fitar da zanen gaba ɗaya a kan yadin, kuma akwai inda ake bari babu ɗinki ko ɗis.

'Yar Damagaram:

Sannu ɗan'uwa. Daga Zinder nake rubutu, ni ma ɗaliba ce, a waya da ƙaramin allon zane na Huion nake aiki. Ciwona kishiyar naka ne. Ina iya cika shafi uku da gwaje-gwaje a dare ɗaya, amma ban taɓa kai zane ƙarshe ba, da na zo wurin gyaran ƙananan abubuwa sai raina ya fita. Haƙurin awa biyar ɗin nan naka, da ana sayarwa da na saya. Kada ka raina shi.

Tambayarka ta uku ce ta ja ni, domin na sha fama da ita. Abokai ba ƙarya suke maka ba, abin da suka gani suke yabawa, wato wahalar da ka sha. Ni na daina tambayar kowa ko zane ya yi kyau. Ƙanena mai shekara goma nake kira, in ƙanƙanta hoton a waya ya koma kamar tambarin wasiƙa, in nuna masa na ƙiftawar ido, in kife wayar, in ce me ka gani? Kwanaki na zana wata mai sayar da nono a bakin ganuwa, na ɗauka kowa zai fara ganin ta. Ya ce ya ga bango da tukunya. Ya fi ni gaskiya, launin zanenta da na bangon nauyinsu ɗaya, da na mayar da hoton baƙi da fari sai ta ɓace a ciki. Ina kuma juya hoton, dama ta koma hagu. Ido yakan saba da karkata har ya daina ganin ta, amma da ka juya sai ta fito fili. Da ka yi wa ƙofarka haka a rana ta biyu, da ka gani.

Abin da nake kira iyawa ta gaske shi ne wanda zan iya maimaitawa sau uku, a kan abubuwa daban-daban, da agogo a gabana, babu mai tayawa. Wanda ya zo sau ɗaya sa'a ce.

Sai roƙo ɗaya. Ka shiga ArtStation, shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu, ka duba, jarumai masu sulken Turai da gidajen sarautar Turai ba su ƙirguwa, kuma da yawa daga cikin masu zana su sun fi mu kayan aiki da shekaru. Amma mutum nawa ne a can suka san bambancin aska biyu da aska takwas, ko yadda lifidi ke zama a jikin doki? Ni na taso ina wucewa ta gidajen unguwar Birni ta garinmu masu zane a fuska ban ɗauke su komai ba, sai da na je Agadas na tsaya ƙarƙashin hasumiyar masallacin nan mai tsayin mita 27, na ga itatuwan da suka fito daga jikinta, aka ce mini su ne matakalar masu gyaran yaɓe. A nan na gane abin da Jikan Magini ke faɗa. Kuma a garinku ne, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane, suka ce za su koyi dabarun Turawa amma su haɗa da na gida. Ka gyara ginin, amma adon nan kada ka yar da shi, mu da muke bayanka muna buƙatar ganinsa.

Ɗan Birnin Zazzau:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don in gwada kafin in dawo.

Yaya, maganar mayafi ta yi mini zafi da na karanta, na kashe wayar na kwanta. Da asuba na ɗauko tsofaffin zanena na jera a ƙasa, na ga duk inda ado ya fi yawa, a nan akwai abin da na kasa. Na yi akwatuna 20 sau shida. A ta goma sha huɗu ta rana ta uku na sami ƙofa mai baki biyu, babba na mahaya, ƙarami a gefe na masu jakuna da 'yan talla, domin na tambayi kaina wa ke shiga da sassafe kafin a buɗe babban ƙyaure.

Jikan Magini, ka canka, bangona a miƙe yake kamar na bulo. Na auna zaurenmu, gindin bangon ya fi saman kauri nesa ba kusa ba, shekara 23 ina jingina da shi ban lura ba. Baba ya same ni ina awo, na gaya masa abin da ka ce. Ya ɗauko wata riga da bai fara ɗinka ba ya shimfiɗa, ya nuna mini zanen alƙalamin, ya ɗora tafin hannunsa a inda babu komai ya ce nan ne ido ke hutawa. Batun zanen mai rai ma mun fara magana, ya ce mu je wurin malaminsa tare bayan Juma'a.

'Yar'uwa ta Damagaram, na juya tsohuwar ƙofar kamar yadda kika ce, karkatar ta fito nan take. Idan kin yarda mu riƙa musaya: ki turo mini gwaji ɗaya daga cikin naki in nuna miki yadda nake bin ƙananan abubuwa daki-daki, ni kuma in turo miki akwatunana ki zaɓi ukun da suka fi.

Na tura wa abokina sabuwar ƙofar, gaba da gefe da baya, babu zane ko ɗaya a jikinta tukuna. Ya gina ta cikin yini guda, mahayin ya shige da mashinsa a tsaye. Tambaya ɗaya kawai ya yi mini, ta ina masu gadi ke hawa sama. Jikan Magini, a ƙofofin garuruwanmu na da, matakalar daga cikin zauren ƙofar take ko a jikin ganuwa ta ɓangaren gari?